Biyar a Cire Ɗaya

Ranar da aka kai ni makarantar renon yara a Yendi, malamarmu, wadda duk muke kira Madam, ta ce kowa ya je gida ya taro murafun kwalba, da su za mu koyi ƙirga. Ni kuwa na ɗauki maganar kamar daga fada aka aiko da ita. Na addabi duk wani mai sayar da lemo a layinmu, har ya kai in suka hango ni sai su ce ga mai murfi nan tafe. Da Gwaggo ta gaji da jin ƙararsu a cikin gwangwanin madara, sai ta ɗinka mini 'yar jaka da guntun atamfa, ta sa mata igiya na riƙa ratayawa a wuya.

Gwaggo ba ita ta haife ni ba. Yayar babana ce, kuma a hannunta na buɗe ido. A Salaga aka haife ni, ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu 'yar fari ba ta uwarta ba ce. Ana yaye ni aka ɗora ni a bayan Gwaggo, ta hau mota da ni zuwa Yendi. Haka kakanninmu suka zo da abin tun zamanin fataucin goro, haka kuma aka riƙe shi: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana kiran wannan kunya, kuma wadda ta fi iya ta ita ce 'yar mutunci.

Kada wani ya ɗauka wahala na sha. Gwaggo ta shagwaɓa ni har maƙwabta na gunaguni. Koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida, kuma ƙosan farko da ya fito daga mai nawa ne, ko da liman ne ke tsaye yana jira. Abin da ya dame ni ɗaya ne. Akwai wata doguwar mata, mai siririyar murya, da ke zuwa daga Salaga jefi-jefi da doya a buhu. An gaya mini ita ce uwata. Za ta gaisa da kowa a gidan, har kyanwar Gwaggo sai ta yi wa magana, amma ni in na tsaya a gabanta sai idonta ya wuce ta saman kaina. In dole ta kama ta ambace ni, sai ta ce wa Gwaggo, “Yaya, 'yarki.” Ni kuma ban san me zan kira ta ba. Sai na riƙa cewa matar Salaga.

A makaranta Madam takan zana da'ira da alli a ƙasa, mu durƙusa muna jefa murfi ɗaya bayan ɗaya muna rerawa, wan, tu, tiri. Wata rana mu ware jajaye daga koraye, wata rana ta yi tari biyu ta ce mu nuna wanda ya fi yawa. Badagomba ce, Hausarta irin ta kasuwa, mace da namiji duk “kai” ne a bakinta. Ni matsalata bakwai ce. Daga shida sai in yi tsalle in dira a takwas, kullum.

“Kai, yarinya,” in ji Madam, “ina ka bar sebin? Ka sayar da shi a kasuwa ne?”

Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na cika na yi fam. Tun ina ƙarama ba na son a yi mini dariya, har yau kuma ban canza ba. Na koma gida na sa bakwai a gaba. Na ƙirga ludaya, na ƙirga kaji, na ƙirga ƙosai a tire har Gwaggo ta ce zan sa albarkarsa ta gudu. Wata safiya na miƙa yatsa ina ƙirga matan da suka yi layin koko, sai ji na yi an make mini hannu. Gwaggo ta ce ba a ƙirga mutane, ba awaki ba ne.

A ajin nan na lura da wani abu. Duk wanda ya ƙirga daidai, Madam takan ce a tafa masa, sannan ta dube shi sosai, ido cikin ido, ta yi murmushi. Sai na yi lissafina irin na yara. Na ce ashe abin da ya sa matar Salaga ba ta dubana, ban taɓa yin wani abin a duba ba ne. In na ƙirga mata har ashirin ban yi tuntuɓe ba, dole ta dube ni. Da na ji Gwaggo na cewa an haifa mata jika, kuma matar Salaga za ta zo suna, sai na ƙara ƙaimi. Har a bayan gida ina tsugune ina bitar sha uku da sha biyar, don su ma sun so su ba ni wahala.

Ranar suna ɗakin Gwaggo ya cika da mata, an baje kwanonin shinkafa da wake, kowa na magana ba mai sauraron wani. Matar Salaga na zaune a gefen gado da jariri a cinya, ƙanena na biyu ke nan. Na kutsa ta tsakanin ƙafafu da jakata a wuya, na durƙusa dab da ita, na zazzage murafun a kan tabarma. Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba. Na fara jera su ina ɗaga murya.

Ɗakin ya yi tsit a hankali. Na wuce bakwai lafiya lau, na haye sha uku, na haye sha biyar, na dire a ashirin, sannan na ɗaga kai. Mata suka ɗauki shewa. Wata ta ce wannan likita za ta zama, wata tsohuwa ta tura mini tsokar nama a baki. Ita kuwa wadda na yi domin ta, fuskarta na wajen taga, tana gyara wa jaririn hula da ba abin da ya same ta. Da shewar ta lafa sai ta ce, a hankali, “Yaya, 'yarki za ta zubar da kunun nan.”

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda matan suka yaba mata. Ina jin wata na cewa, “Kin ga 'yar manya, ko ƙiftawa ba ta yi ba.” Na tattara murafuna, na fita bayan gida, na wurga su ta kan katanga har da jakar. Gwaggo ta same ni a can ina shure-shure a ƙasa da kayan sunana. Ba ta dake ni ba. Ta ɗaga ni ta kakkaɓe mini riga, ta ce, “Haka ake yi. Ni ma 'yar fari ce, haka aka yi mini.” Na tambaye ta ko ita ta ji daɗi da aka yi mata. Ta ce in wuce in wanke fuskata.

Da na girma na fahimci al'adar sarai, har ina iya bayyana wa baƙo ita. Amma fahimta daban, zuciya daban. Lokacin hutu akan kai ni Salaga in yi mako biyu ko uku, in ga yadda take da sauran. Mu biyar ta haifa. Huɗun nan tana kiran sunayensu tun daga bakin rijiya, tana zaginsu, tana tsokanarsu, tana cire musu ƙaya a ƙafa, su kuma suna Mma kaza, Mma kaza. Har zagin nan na yi sha'awa. Ni kuwa abincina na nan a rufe a kan lokaci, ruwan wankana da ɗumi, amma in za ta ba ni saƙo sai ta ce wa ƙanwata, “Gaya wa ta Yendi ta shigo da shanya.” Ina tsaye a wurin, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba.

To, ni ma ba baya ba ce wajen taurin kai. Na ce tunda haka ne, kowa ya riƙe nasa. Na daina neman idonta. In na je gaishe ta sai in durƙusa daga bakin ƙofa, in yi gaisuwar da ake yi wa surukai, in tashi. Na yi aure a Yendi, Gwaggo ce ta zauna a matsayin uwar amarya, ita kuwa tana can cikin masu tuƙa tuwo. Bayan rasuwar babanmu, ƙanena da ke sana'ar albasa a Bawku ya ɗauke ta ta koma wurinsa. Nisa ya ƙaru, ni kuma na sami hujja. Duk sallah ina aika mata turmin atamfa da sabulu ta hannun direbobi, ita kuma ta aiko da albasa da dawadawa, a ce in ji ta a kai wa Gwaggo. Gwaggo kan ce mini zumunta a ƙafa take. In ce mata ƙafar ai biyu ce, tata ma tana iya takowa.

Da na haifi tawa 'yar farin, sai na yi abin da tsofaffin unguwa suka daɗe suna maganarsa. Ranar suna da bakina na kira sunanta a tsakar gida, da ƙarfi. Na goya ta na shiga kasuwa, na yi mata rawa a gaban surukata. Da aka zo maganar wa za a ba riƙo bayan yaye, na ce duk mai so ya haifi nasa. Aka ce ba ni da kunya. Na ce na gode, an taɓa yi mini kunya, na san ɗanɗanonta.

Yarinyar na shekararta ta biyu a makarantar renon yara ƙanena ya kira ni a waya. Ya ce ciwon sukarin Mma ya taɓa mata ƙafa, ba ta iya fita, ya kamata in zo. Gwaggo ta riga ta rasu a lokacin, babu wanda zan fake da shi. Na ɗauki yarinyar muka hau mota ta Gushegu da Nalerigu, muka gangara dutsen Nakpanduri ina riƙe da kujerar gabana ina salati, ita kuwa tana ƙirga shanu ta taga.

Na same ta ta rame, doguwar nan ta lanƙwashe. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana duban bango kamar kullum. Amma da idonta ya faɗa kan 'yata, sai na ga wata mata da ban taɓa sani ba. Tsakanin kaka da jika ai babu kunya, sai wasa. Ta jawo ta jikinta, ta ce wannan mummunar daga ina, wa ya ba ta wannan goshi. Yarinyar ta ce goshinta ya fi na Kaka kyau, tunda Kaka ko haƙora ba ta da su. Suka yi ta yi, tsohuwa na dariya har da tari.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa mata tabarma a inuwar rumfa. Ina gefe a kan kujera 'yar tsugune ina ɓare gyaɗar miya, su biyu suna hirarsu. Sai na ji ta ce, “Me ake koya muku a makarantar taku, ko cin abinci kawai kuke zuwa yi?” Yarinyar ta zo ta ɗebi gyaɗa a tirena, ta jera a kan tabarma ta fara ƙirgawa. Tsohuwa ta sunkuya tana bin kowace ƙwaya da ido. Da aka kai ƙarshe ta tafa, ta ce a sake. Aka sake, ta ce a kuma sakewa, wai ba ta ji sosai ba.

Ba zan ɓoye ba, kishi ne ya kama ni. Ni da girmana, da aurena, ina kishin 'yar da na haifa. Na riƙa matse ɓawon gyaɗa kamar shi ya yi mini laifi. A raina ina cewa, ashe kin iya. Ashe idon naki na gani.

Sai yarinyar ta ce yanzu kuma an fara koya musu cirewa, bari ta gwada Kaka. Ta ware ƙwaya biyar ta jera a gabanta.

“Kaka, nawa ne nan?”

“Biyar.”

Ta ɗauki ɗaya, ta waiga tana neman inda za ta ɓoye, sai ta rugo ta buɗe tafin hannuna ta sa, ta ce in riƙe kada in nuna. Ta koma ta tsugunna.

“To na cire ɗaya. Saura nawa?”

Tsohuwa ta dubi ƙwayoyin nan huɗu. Ta daɗe tana dubansu, har na ɗauka gyangyaɗi ya ɗauke ta. Sannan ta ce, “Biyar.”

Yarinyar ta faɗi ƙasa don dariya. “Kaka ba ta iya ba! Huɗu ne! Duba, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ɗayan yana wurin Mama.”

“Na ga inda aka kai shi,” in ji tsohuwa. Dariyar ta bar muryarta. “Ke dai je ki gaya wa malamarku, wata tsohuwa a Bawku ta ce biyar ne. Wanda aka ɗauke ɗin, ai da shi mutum yake kwana, da shi yake tashi. Ya ci, bai ci ba. Wa ya yi masa kitso. In zazzaɓi ya kama shi wa zai sani da wuri. Huɗun da ke gabanka ma ba ka tuna su kamar shi.”

Ba ta dube ni ba. Yarinyar take yi wa magana, tana gyara mata ɗankunne. Ni kuwa ina zaune da ƙwayar gyaɗa a dunƙule a hannu. Na san da wa take, ta kuma san na sani. Tsakanina da ita tabarma ɗaya ce. Abin da ya rage kawai in ce, “Na ji, Mma.” Kalmar da ƙannena ke faɗa sau ɗari a yini ba tare da sun san suna faɗa ba.

Kalmar ta ƙi fita. Ni da na yi shekaru ina yi wa kunya ba'a, ina cika baki a tsakar gida, sai ga shi ta kama ni a wuya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bakina bai taɓa kiran ta da sunan nan ba, kuma a ranar ya rasa ta inda zai fara. Ita tana duban tabarma, ni ina duban tire, har yarinyar ta gaji da mu ta tafi bin 'yan tsaki. Can sai matar ƙanena ta leƙo daga kicin tana tambayar gyaɗar, na tashi na kai mata.

Na ce a raina gobe zan faɗa. Gobe ta zo da 'yan dubiya, gida ya cika. Jibi kuma mota. Da muka zo sallama ta riƙe hannun yarinyar ta sa mata albarka mai tsawo, sannan ta ce, “Ki riƙa jin maganar wadda ta kawo ki. Tana da zafi, amma a wurina ta samo.” Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce amin, a gaida mutanen Yendi. A mota na yi wa kaina alkawari in damina ta wuce, hanya ta gyaru, zan dawo ni kaɗai in yi mako guda, mu zauna ba kowa.

Ba ta kai lokacin kaka ba. Ana tsakiyar ruwa ƙanena ya kira da asuba, kafin in iso an riga an kai ta.

Na yi baƙin ciki, kuma har yau ina yi. Ba na zagin al'adar kamar dā, don yanzu na san ba ni kaɗai ta ci ba. Ni na rasa uwa ina ganinta, ita ta rasa 'ya tana ganinta, kuma ita ce aka hana ko da kuka. Abin da ke cina shi ne shekarun nan da muka yi muna aika wa juna atamfa da albasa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Da na san abin da ke ranta tun ina budurwa, da na je na zauna kusa da ita ko ba za ta ce komai ba. Da na tsefe mata kai, da na yanke mata farce, irin abubuwan da ba sa bukatar a kira sunan kowa. An ce da na sani ƙeya ce, kuma gaskiya ne.

A zaman makoki ina cikin ɗakinta tare da ƙannena mata, mutane na shigowa suna yi musu gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, don su aka sani. Wata maƙwabciyarta, tsohuwa Bakusasiya da aka ce kullum tare suke yini, ita ma mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta, ta gaisa da su, sannan ta tsaya a kaina tana dubana.

“Kai fa, wane ne a gidan nan? Fuskanka kamar nashi.”

Na ce, “Ni ce babbar 'yarta. Mma ce ta haife ni.”

Ta riƙe haɓa. “Yana da wani babba? Shekara nawa muna zaune, bai taɓa faɗi ba.”

Na ce mata ta faɗa, sau ɗaya, ina wurin.